Kama Yatsan Mai Barci

A jirgin ruwan tsoho Jostein ba a tashin mai barci da kira. Idan lokacin gadinka ya yi, wanda ya gama nasa zai sauko da jiƙaƙƙen hannunsa, ya laluba ƙarƙashin bargo, ya kama babban yatsan ƙafarka, kuma ba zai saki ba sai ka ambaci sunansa. Gurnani ba ya wadatarwa. "Na ji" ma ba ta wadatarwa, domin mai barci yakan ce ya ji alhali yana can wata duniya. Da wannan Ingunn, 'yarsa, ta tashi tun tsayinta bai kai sitiyari ba. Doka ta biyu kuwa ita ce uwar ta farko: da dare ba mai barin wurin tuƙi ya taka saman jirgi, ko da igiyar ɗamararsa ta tsaro na maƙale da jirgin, sai ya kama yatsan abokin tafiyarsa ya fito ya zuba masa ido.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A bayan jirgin akwai wata na'ura da iska ke juyawa, ita ke riƙe hanya ba sai an kama sitiyari ba. Idan mutum ya faɗa ruwa, jirgin bai sani ba. Tafiyarsa zai ci gaba da yi, mai barci yana barcinsa, sai gari ya waye ya fito ya tarar da wurin tuƙi wayam.

Jostein ne ya kai jirgin har tsibiran Azor, can ciwo ya kwantar da shi aka mayar da shi gida ta jirgin sama. Da ya fara samun sauƙi, bai roƙi komai ba sai ya ga jirginsa ɗaure a bakin gidansa da ke kusa da Florø a ƙasar Norway kafin sanyi ya shigo. Shi ne Ingunn da mijinta Halvard suka tafi ɗauko jirgin, da 'yarsu Tuva wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Babu wurin barin ta, kakarta na fama da jinyar Jostein, kuma Ingunn ba ta ga laifin tafiya da ita ba. Sai dai ta shirya. Ta ɗinka raga ta kewaye gadon da ke tsakiyar jirgin inda girgiza ta fi sauƙi, ta naɗe duk wata kusurwa mai kaifi da tsumma, ta saya wa yarinyar ƙaramar ɗamara da ta gwada mata har sau nawa a tashar Horta da ke Azor. Abu ɗaya ta faɗa wa Halvard kafin su kwance igiya: yarinyar nan da mutum biyu ta shiga teku, da mutum biyu za ta fita.

Halvard ɗan Røros ne, garin duwatsu da ƙanƙara, sai da ya girma ya fara ganin teku. Ya koyi aikin jirgi sosai, hannunsa na da ƙarfi, kansa ba ya juyawa ko ruwa ya yi yaya. Amma Ingunn ba ta daina kiransa ɗan tudu ba, shi kuma yana kiranta Kyaftin, har Tuva ta fara kwaikwayo. Abin da bai taɓa kwanta masa a rai ba shi ne kamun yatsa. Yakan ce dangin Ingunn ne kaɗai a duk Norway suka mayar da mugunta al'ada.

Kwanakin farko sun wuce lafiya. Sai haƙoran Tuva na ciki suka taso. Yarinya ta ƙi kunu, ta ƙi kwanciya, ba ta son kowa sai uwarta, miyau ya jiƙa duk rigunan da aka tanada. Ingunn ta koma tana gadi a sama, tana sauka ta yi wani gadin a ƙasa da yarinya a ƙirji, tana shafa mata dasashi da yatsa mai sanyi.

Wata safiya ta buɗe ido ta ga hasken rana ya shigo ta ƙofar ɗaki. Jikinta ya yi sakayau irin na wanda ya ƙoshi da barci, kuma wannan ne ya tsinka mata zuciya. Ba ta san lokacin da ta haye matakalar ba. Ta sami Halvard zaune da kofin gahawa, idanu jajur, yana murmushin wanda ya kawo tsaraba. Ya ce ya sauko zai tashe ta, ya ga yadda suka rungume juna ita da Tuva, bakinsu a buɗe iri ɗaya, sai ya kasa. Dare ma lafiya lau, in ji shi, ko kifi bai yi tari ba.

Ta zauna kusa da shi. Ta gode masa, don ta san daga ina abin ya fito, sannan ta ce kada ya sake. Ya ɗaga hannu kamar soja ya ce an ji, Kyaftin.

Bai sake ba a daren da ya biyo baya. A na bayansa ne, tana kwance tsakanin barci da ido biyu, ta ji wani ƙara a saman kanta: ƙugiyar igiyar ɗamara tana jan jiki a kan dogon zaren da aka shimfiɗa daga baya zuwa goshin jirgi. Ƙiii, ta tsaya. Ƙiii, ta tsaya. Halvard ne ke rarrafawa gaba don ya gyara wani abu, shi kaɗai, ba wanda ke kallonsa. Ta riƙe numfashi har ƙarar ta juyo ta dawo, ta ji ya dira a wurin tuƙi. Ta ce a ranta, bari ya sauko.

Ya sauko kuwa da lokacin gadinta ya yi. Ta rufe ido tana jira ya kama yatsan don ta sami bakin magana. Ta ji ɗigar ruwa daga rigarsa, ta ji ya ɗaga gefen bargon, har sanyin hannunsa ya iso fatarta bai taɓa ba. Ya daɗe a haka. Sai ya ja bargon ya rufe ƙafar, ya cusa gefensa a ƙarƙashin diddigenta a hankali kamar yadda yake yi wa Tuva, ya koma sama.

Faɗan da ta shirya ya narke. Wa zai iya yi wa mutum masifa bayan wannan? Ta ɗan jinkirta, ta tashi da kanta ta hau, ta ce fitsari ne ya tashe ta. Ya ce ai shi barci ma bai zo masa ba, ya zauna tare da ita har rabin gadinta ya wuce.

Daga ranar barci ya ƙaurace mata. Takan kwanta ta rufe ido, kunnenta na sama yana jiran ƙarar ƙugiya. Shi kuma ya leƙo ya ga ido a rufe, tausayi ya kama shi, ya ƙara mata lokaci daga nasa. Haka suka yi ta yi, yana gadin barcin da ba a yi, tana gadin mai gadi. Alamun suka fara fitowa. Halvard ya zuba gishiri a gahawa ya shanye bai lura ba. Ingunn ta sami kanta tsaye da butar tafasasshen ruwa a hannu, Tuva na riƙe da ƙafar wandonta, ta manta abin da za ta yi da ruwan. Wannan ya ba ta tsoro ƙwarai. Ta ajiye butar, ta ɗaure ta a kan murhu, ta ce gobe za ta yi masa magana da rana tsaka, da ido biyu.

Goben ba ta ba su sarari ba. Tun da hantsi allurar ma'aunin iska da ke jikin bango ta fara sauka, gajimare masu siririn gashi suka ja layi daga yamma, raƙuman ruwa suka fara zuwa da tsawo suna ɗaga jirgin suna ajiyewa. Sun wuce yammacin Ireland, ƙasa ta yi nisa ta kowane ɓangare. Babu wurin gudu, sai shiri.

Shiri kuwa Ingunn ta iya. Ta dafa miyar kifi da dankali ta cika filas biyu, ta cika na uku da gahawa, ta yanka burodi da cuku mai ruwan ƙasa ta cusa a aljihun raga kusa da ƙofa inda hannu zai kai ba sai an sauka ba. Ta kulle kowace durowa. Ta sauya wa Tuva ƙunzugu, ta sa mata rigar ulu, ta jera filo da jakunkunan tufafi kewaye da ita har gadon ya zama kamar sheƙar tsuntsu, ta ba ta cokalin katakon da take gurgura. Kafin rana ta faɗi suka rage faɗin babban ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi mataki biyu, suka naɗe na goshi ya zama ɗan mitsitsi. Mataki ɗaya ya rage a babban, suka ce sai in iska ta wuce abin da rediyo ya faɗa.

Gadin farko na Halvard ne. Ta riƙe wuyan rigarsa da hannu biyu kafin ta sauka.

"Ɗan tudu, yau ba wasa. Yatsa."

"Yatsa, Kyaftin. Har ƙafar zan cire in kawo miki."

Ta kwanta kusa da ragar Tuva da takalmanta na roba a ajiye inda ƙafa za ta faɗa cikinsu, da niyyar ta saurara kamar kullum. Amma barci ɓarawo ne, kuma ya daɗe yana bin ta bashi. Ɗumin yarinyar da rurin ruwa a jikin katako suka haɗu suka ɗauke ta.

Abin da ya tashe ta jifa ce. Jirgin ya kwanta a gefe guda, ta bugu da ƙyallen gefen gado da ke tare ta daga faɗowa, wani abu ya fashe a cikin durowa. Iska ta daina kuka ta koma ihu. A saman kanta kuma wani abu na bugawa fat-fat-fat kamar ana dukan bango da tabarma. Hannunta ya fara zuwa ragar. Tuva na nan, da ɗumi, tana numfashi. Sai ta miƙe ta leƙa ta gilashin ƙofa.

Ba kowa a wurin tuƙi. Sitiyari na juyawa shi kaɗai, dama, hagu, kofin Halvard na birgima a cikin ruwan da ya taru a ƙasa.

Jikinta ya so ya yi waje a guje. Ba ta bar shi ba. Ta sa takalmi, ta sa ɗamara, ta ja maɗaurinta sau biyu, ta buɗe ƙofa kaɗan ta miƙa hannu ta maƙala ƙugiyarta a ƙarfen da ke waje tun kanta bai fita ba. In ita ma ta tafi, wa ya rage? Ta fita ta rufe ƙofar a bayanta, ruwa ya mare ta a fuska, ta kunna fitilar goshi ta bi dogon zaren da haske. Zaren ya miƙe, babu komai a kansa, babu komai, sannan ga ƙugiya. Ga igiya. Ga Halvard a durƙushe a gindin ginshiƙin da ke ɗauke da ƙyallen jirgi ya rungume shi da hannu biyu.

Ta gane abin da ya faru da kallo ɗaya. Iska ta wuce misali, ya tafi ya rage matakin ƙarshe shi kaɗai. Amma jirgin na gudu iska na bayansa, ta manne ƙyallen da wayoyin da ke riƙe da ginshiƙin, ya sauko rabi ya maƙale, ba ya sama ba ya ƙasa, yana ta bugawa. Ba a sauke shi sai wani ya kama sitiyari ya karkata goshin jirgin wajen iska. Aikin mutum biyu ne. Ga shi kuma ɗaya daga cikin igiyoyi biyu na ɗamararsa ta harɗe da igiyar ƙyallen, kuma ta ga yana kallon ƙullin kamar wanda aka ba wasiƙa da baƙin harshe. Halvard da ke iya warware irin wannan ƙulli ido a rufe. Gajiya ta cinye masa kai.

Ta cire na'urar riƙe hanya, ta kama sitiyari. Ta kira sunansa, iska ta kwashe. Ta haska masa fuska ta kawar, ta sake haskawa, har ya ɗago. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta jira wani babban raƙumi ya wuce ƙarƙashinsu, ta karkata jirgin a bayansa, ƙyallen ya saki wayoyin ya fara kaɗawa kamar zai yage. Sai ta shiga jefa masa umarni ɗaya-ɗaya, gajere-gajere, yadda take yi wa Tuva idan ta ɗauki wuƙa. Maƙala ƙugiya ta biyu tukuna. Yanzu cire ta farko. Zagayo da ita ta ƙasa. Ja. Ƙara ja. Ɗaure. Ruwa ya hau jirgin ya rufe shi har ƙugu, hasken fitilarta ya ɓace cikin kumfa, da ya janye yana nan. Ya ja, ƙyallen ya sauko ya zauna. Bugun ya tsaya.

Da rarrafe ya dawo, ƙugiya na ƙiii a bayansa, yau kam tana kallo. Da ya faɗo wurin tuƙi ta damƙi ɗamararsa ta baya ba ta saki ba sai da ya maƙala kusa da tata.

Suka yi abin da Jostein ke kira zaunar da jirgi. Suka bar ɗan ƙyallen goshi a juye yana tura goshin waje, suka ɗaure sitiyari yana tura shi wajen iska, biyun suka riƙe juna. Jirgin ya daina gudu. Ya karkata ya tsaya yana karɓar raƙuman ruwa da kafaɗa, yana ɗagawa yana sauka kamar agwagwa. Iska ba ta rage komai ba, amma a ciki an iya tsayawa da ƙafa biyu.

Sun sami Tuva zaune a cikin ragarta da cokali a baki. Ta dubi ubanta daga sama har ƙasa ta ce, "Baba jiƙe." Ta koma ta kwanta.

A ƙasa suka zauna, bayansu jingine da gado, ƙafafunsu tokare da ɗaya gefen. Ingunn ta buɗe filas ta riƙe masa kofin. Fatar bayan yatsunsa ta sale, ta wanke ta naɗe. Sai da ya sha rabin miyar ya fara magana, kansa a ƙasa. Ya ce ya sauko. Ya rantse ya sauko, har ya ɗaga bargon. Amma bai taɓa ganin ta yi barci mai nauyi irin na yau ba, sai ya ce aikin ɗan lokaci ne, zai gama kafin ta juya.

"Ka san dalilin da ya sa ya yi nauyi?" in ji ta. "Shi ne na farko tun daren da ka rufe min ƙafa."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ina jin ka duk dare. Ina jin ƙugiyarka, ina jin ka sauko, ina jin ka koma. Ido kawai na rufe."

Ta ga lissafi a fuskarsa. Sannan ya ce, "To ni barcin wa nake ta gadi?"

"Na bargo."

Dariya ta kama su, irin wadda ke zuwa bayan tsoro, marar sauti don kada yarinya ta tashi, har hawaye ya gauraya da gishirin da ke fuskarsu. Ya ce ita ma ai ba ta da gaskiya, munafukar barci, da ta buɗe baki tun ranar. Ta ce ta sani. Hannunsa ne ya hana ta, yadda ya cusa bargon. Garin neman gira sun kusa rasa ido, su biyun.

Da dariyar ta lafa ta kama hannun da ta naɗe ta riƙe a cinyarta.

"Halvard, ka ji ni da kyau. Ba na iya barci sai na san za ka tashe ni. In kana so in huta, ka tashe ni. Ba ni da wata hanya."

Bai ce an ji, Kyaftin ba. Ya gyaɗa kai kawai, ya dubi ragar.

Ko jirgi na zaune sai an leƙa, saboda manyan jiragen kaya ba sa zama don kowa. Ita ta ɗauki gadin farko, tana zaune a matakala, tana fitar da kai lokaci-lokaci ta duba duhu ta kowane gefe. Shi kuwa ta tura shi gado, ya yi barci da takalmi ɗaya a ƙafa. Da lokacinsa ya yi ta cire takalmin, ta kama yatsan ba tausayi. Ya yi gurnani, ya ce ya ji, ya kira sunan wata saniyar kakarsa, ba ta saki ba sai da ya ce Ingunn. Ta ba shi gahawa, ta nuna masa inda ta ga wutar wani jirgi ta wuce can nesa, ta kwanta a gurbin da ya ɗumama. Ta sa yatsu biyu ta cikin raga ta taɓa bayan Tuva. Iska na ihu, ruwa na dukan katako kusa da kunnenta. Ta saurara ko za ta ji ƙugiya, don kunne ya saba, amma ba ta kai ko'ina ba barci ya ɗauke ta.

Sanyi ne ya fara isowa, kamar an ɗora mata ƙanƙarar Røros a ƙafa. Sannan matsi. Ta farka sarai, ta ji iska ta sassauta, ta ga ƙofa ta fara yin toka-toka. Amma ba ta motsa ba. Ta bar idonta a rufe, ta ja numfashi mai nauyi irin na da, tana jira ta gani.

Hannun ya yi jim. Ta ji babban yatsansa ya shafa nata sau ɗaya. Sai ya ƙara matsewa, har da ɗan girgizawa.

"Kyaftin," in ji shi ƙasa-ƙasa, "iska ta faɗi, ina so in je gaba in saki ƙyalle. Kuma na san idonki biyu, don haka ki daina min wasa, hannuna ya gaji."

Ta ƙara jan numfashi ɗaya, don mugunta.

"Halvard," ta ce. "Halvard, ɗan tudu, sakar min ƙafa."

Ya saki. Ta zura ƙafafu cikin takalmi, ta ja maɗaurin ɗamara sau biyu, ta bi shi sama ta zauna a bakin sitiyari inda za ta gan shi tun daga nan har gindin ginshiƙi.